Kafin a Biya Mai Girka Rumbun Bayanai

Duk wanda ya zauna gaban kwamfuta mai aiki da Ubuntu ko Debian, ya rubuta umarnin `sudo apt install postgresql`, to cikin 'yan mintuna, gwargwadon ƙarfin intanet ɗinsa, ya mallaki rumbun bayanai irin wanda manyan kamfanonin duniya ke ajiye dukiyarsu a ciki. Ba a karɓi ko kwabo daga hannunsa ba, ba a sa shi cike fom ba, babu kuma wakilin kamfani da zai biyo shi da takardar lasisi. Shekaru 40 da suka wuce, irin wannan kayan aiki sai banki ko babbar ma'aikatar gwamnati.

Sauƙin nan alheri ne, sai dai ya zo da wani ruɗi da ya yaɗu a asibitoci masu zaman kansu, makarantu, ofisoshin lauyoyi da ƙungiyoyin gama-kai: an ɗauki girkawa a matsayin ƙarshen aiki. Ɗan kwangila ya zo, ya girka, ya juya allo ya nuna wa shugaba sunayen marasa lafiya ko na ɗalibai suna fitowa, an sa hannu a takardar biya, ya yi sallama. Alhali abin da zai tabbatar ko waɗannan sunaye za su kai shekara 5 lafiya yana cikin wasu ƙananan fayilolin saiti waɗanda sau da yawa babu wanda ya buɗe su, ko kuma an buɗe su an yi musu aika-aika. Bai kamata a biya cikon kuɗin irin wannan aiki ba sai an ga saitin a rubuce, an kuma ga an dawo da bayanai daga kwafin ajiya ƙiri-ƙiri. Shugaban da bai san kwamfuta ba ma yana da ikon neman haka, kuma nauyin nema a wuyansa yake.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake girkawa. A shekarar 1970, wani masanin lissafi ɗan asalin Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa maƙalar da ta zama tushen fannin. Shawararsa ita ce a zuba bayanai cikin jadawalai, kowane jadawali ya riƙe abu iri ɗaya, sannan a haɗa su da lambobi. A asibiti, misali, jadawali ɗaya na marasa lafiya ne, kowa da lambarsa. Wani jadawalin na zuwan da suke yi ne, wani na magunguna. Ba a sake rubuta sunan mutum da adireshinsa duk ranar da ya zo. Lambarsa kawai ake sawa. In ya yi ƙaura, wuri ɗaya ake gyarawa. Daga wannan alaƙa ta tsakanin jadawalai ne kuma rumbun ke samun ikon ƙin karɓar shirme: ba zai yarda a rubuta wa mai lamba 4071 magani ba idan babu mai wannan lamba a jadawalin marasa lafiya. Harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi, SQL, shi ma a IBM Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro shi a shekarun 1970.

Akwai kuma alkawari na biyu, wanda kowane akanta zai gane darajarsa nan take. Idan za a cire naira 50,000 daga asusun wani memba na ƙungiya a zuba a asusun wani, rumbun yana ɗaukar matakan biyu a matsayin abu guda: ko su auku duka, ko kada ɗaya ya auku. Ba za a wayi gari kuɗi sun bar nan ba su isa can ba don wuta ta ɗauke a tsakani.

Mai cewa ai Excel ma ya wadatar sai ya tuna abin da ya faru a Ingila a farkon Oktoban 2020. Hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da aka tabbatar sun kamu da korona bai shiga ƙidaya ba, domin ana tattara sakamakon ne cikin tsohon samfurin fayil ɗin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Da fayil ya cika, sauran suka zube ba tare da wata ƙara ba, aka kuma yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar. Excel kayan lissafi ne mai kyau ƙwarai. Ba a gina shi don mutum 20 su riƙa rubutu a cikinsa lokaci guda ba.

Rumbunan da ake samu kyauta a yau biyu ne suka fi shahara. PostgreSQL ya samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, ya karɓi sunansa na yanzu a 1996, kuma babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. MySQL ya fito daga Suwidin a 1995. Kamfanin Sun ya saye shi a 2008 kan kusan dala biliyan 1, sannan Oracle ya haɗiye Sun ɗin a 2010. Tun kafin a kammala wannan ciniki, Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya ɗauki rubutun manhajar ya ci gaba da gina ta da sunan MariaDB, lasisin kuma ya ba shi wannan dama. Wikipedia ta koma MariaDB a 2013, Debian ma ta mayar da shi zaɓinta na farko a 2017. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ke nan a aikace: an sayar da kamfani, amma ba a iya sayar da masu amfani da kayan tare da shi ba.

To amma lasisin da ya ba da wannan 'yanci yana ɗauke da wata magana da ba a cika karantawa ba. Na PostgreSQL da na MariaDB da na Linux kansa duk sun bayyana cewa babu garanti. Idan bayanai suka salwanta, babu wanda za a kai ƙara a Berkeley ko a Helsinki. Alhakin ya sauka a kan wanda ya girka, da kuma wanda ya ɗauke shi aiki.

Saitin da rumbun ke zuwa da shi an tsara shi ne don ya tashi a kan kowace irin kwamfuta, ƙarama ko babba, ba tare da ya yi ɓarna ba. Masu tsarawar ba su san asibitin kowa ba. Wani ɓangaren saitin nasu na taka-tsantsan ne wanda ya kamata a bar shi yadda yake, wani kuma na wucin-gadi ne wanda dole a canza. Gwanintar mai girkawa ita ce rarrabe wannan da wancan, kuma abin takaici, kuskuren da aka fi yi shi ne a warware na taka-tsantsan a bar na wucin-gadi.

A ɗauki maganar ƙofa. Sabon PostgreSQL ba ya sauraron kowa sai shirye-shiryen da ke cikin kwamfutar da yake zaune. Haka aka saita shi a fayil ɗin `postgresql.conf`, sannan wani fayil mai suna `pg_hba.conf` yana jera wanda zai shiga, daga wane adireshi, da kuma yadda zai tabbatar da cewa shi ne. Matsala takan taso ranar da aka so kwamfutar kashiya ko ta ɗakin magani ta yi magana da uwar garke, wato kwamfutar da rumbun ke ciki, sai haɗin ya ƙi. Mai girkawa yana sauri, shugaba yana tsaye a kansa. Hanya mafi kusa ita ce a ce wa rumbun ya saurari kowa, a rubuta `0.0.0.0/0`, wanda ke nufin kowane adireshi a duniya, wani lokaci har a ƙara kalmar `trust`, wadda ke nufin a shiga ba tare da kalmar sirri ba. Nan take komai ya yi aiki, kowa ya yi murna, aka ce za a gyara daga baya.

Idan uwar garken tana da adireshin da ake iya kaiwa daga intanet, an bar ƙofar gida a buɗe a bakin kasuwa ke nan. Tunanin cewa wa zai damu da ƙaramin asibiti ba ya aiki a nan, domin ba mutum ne ke zaɓen wanda za a yi wa kutse ba. Shirye-shirye ne ke zagaya adiresoshin duniya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 5432, wadda PostgreSQL ke amfani da ita, da 3306 ta MySQL da MariaDB. A Janairun 2017 an share dubun-dubatar rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su saƙon neman fansa da kuɗin bitkoyin. Shi MongoDB ba ya cikin dangin masu jadawalai, amma ba a daɗe ba irin harin ya iso kan MySQL, ta hanyar cankar kalmomin sirri masu rauni. Da yawa daga cikin maharan ba su ma kwafi bayanan ba kafin su goge, saboda haka wanda ya biya fansa ya yi asara biyu.

Gyaran ba shi da tsada. A ambaci adiresoshin kwamfutocin ofis kaɗai, a tilasta kalmar sirri ta tsarin `scram-sha-256`, wanda PostgreSQL ya mayar zaɓin farko tun fitowa ta 14 a 2021, a kuma sa katangar tsaro ta Linux ta rufe ƙofar ga kowa ban da su. Masu MySQL da MariaDB suna da wani ɗan shiri, `mysql_secure_installation`, wanda ke cire asusun da ba su da suna da rumbun gwaji, ya kuma hana babban asusu shiga daga nesa. Aikin minti 2 ne.

Bayan ƙofa sai makullai. Kowane rumbu yana da babban asusu mai ikon komai: `postgres` a ɗaya, `root` a ɗayan. Al'adar da ta zama ruwan dare ita ce a bai wa manhajar ofis wannan asusu don a huta da ƙorafin izini. Babban asusun PostgreSQL kuwa ikonsa bai tsaya a kan jadawalai ba, yana iya ba kwamfutar kanta umarni, shi ya sa masu kutse ke amfani da shi su mayar da uwar garken mutane injin haƙar kuɗin kirifto. Abin da ya dace shi ne manhaja ta sami nata asusun mai iyaka, mai haɗa rahoto ya sami na karatu kawai, babban makulli kuma ya zauna a ajiye.

A nan akwai wata jarrabawa da sunayen Hausawa ke yi wa kowace manhaja ba tare da an roƙe su ba. A harshen SQL, alamar da ke tsakiyar Mu'azu ko Sa'adatu ita ce ke nuna farko da ƙarshen rubutu. Manhajar da aka gina da kyau tana miƙa wa rumbu sunan a matsayin bayani tsantsa, alamar ba ta dame ta ba. Wadda aka gina da ganganci tana manna sunan cikin umarni, sai rumbun ya ɗauka rubutu ya ƙare a “Mu”, ya rikice. Ma'aikata sukan koyi kauce wa matsalar, su riƙa rubuta Muazu, a wuce wurin. Ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar da ta sarƙe a kan Mu'azu ta nuna cewa duk wanda ya san SQL zai iya rubuta umarni a gurbin suna, rumbun kuma ya bi. Wannan na daga cikin tsofaffin hanyoyin satar bayanai a intanet. Idan manhajar tana riƙe da babban asusu, ɓarnar ba ta da iyaka.

Tun daga Yunin 2023, maganar ta wuce ta kunya kawai a Nijeriya. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan ta kafa hukuma ta musamman, ta wajabta sanar da ita cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, ta kuma tanadi tarar da ga manyan masu riƙe bayanai za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ma'aikatar da ta tara bayanan ce za ta amsa tambaya, ko da ɗan kwangila ya daɗe da canza lambar waya.

Saitin da ya fi shafar mai rubutu da Hausa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, wato tsarin haruffa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na cewa wace lamba ce wane harafi. Tsohon tsarin da ake kira `latin1` an yi shi ne don harsunan Yammacin Turai. Babu ɓ a cikinsa, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Shi ne kuma zaɓin farko na MySQL har zuwa fitowa ta 8.0 a 2018, saboda haka rumbuna da yawa da aka girka kafin nan, da waɗanda aka kwafi saitinsu daga tsofaffin darussa, suna nan a kansa. A irin wannan rumbu, ko dai a ƙi karɓar sunan Ɗanladi, ko a ajiye shi da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Ƙanƙara ta zama ?an?ara. Harafin da aka mayar alamar tambaya ba ya dawowa, sai dai a koma ga takardar asali, in tana nan.

Maganin shi ne UTF-8, tsarin da ya ɗauki haruffan kusan dukkan harsunan duniya, har da na Ajami. Ko a nan akwai tarko. Abin da MySQL ya daɗe yana kira `utf8` guntu ne, ba ya ɗaukar harafin da ya wuce bayit 3. Haruffan Hausa masu lanƙwasa za su shiga, amma rubutun Adlam na Fulfulde, wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙiro a Gini, aka kuma shigar da shi Unicode a 2016, ba zai shiga ba. Cikakken shi ne `utf8mb4`. A PostgreSQL kuma tsarin haruffan yana bin saitin harshen da Linux ke kai a lokacin girkawa. Idan uwar garken ba ta da saitin harshe, rumbun yakan faɗa kan `SQL_ASCII`, wanda ke karɓar duk abin da aka jefa masa ba tare da dubawa ba, har a tara rubutu mai tsari biyu ko uku a jadawali ɗaya. Ba a canza wannan bayan an ƙirƙiri rumbu sai an kwashe komai an sake zubawa. Shawarar da aka yanke cikin daƙiƙa ɗaya ranar farko, ko aka bari ta yanke kanta, ita za a zauna da ita.

Ajiye harafi daban, jera shi daban. A tsarin abacada na Hausa ɗ tana bin d, ƙ tana bin k. Rumbun da ke jera sunaye bisa lambar harafi kawai zai kai Ɗanjuma can ƙasa bayan Zubairu, kuma ba zai gane cewa ƙ da Ƙ harafi ɗaya ba ne, ta yadda mai neman “ƙaura” ba zai ga Ƙaura Namoda ba. Tun fitowa ta 10 a 2017, PostgreSQL yana iya amfani da ɗakin karatun ICU, wanda ke ɗauke da ƙa'idar jerin Hausa. Sai an nema ake samu. Ƙungiyar da ke aiki a Katsina da Maraɗi kuma tana da ƙarin shawarar da za ta yanke, domin abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya ƴ ne a Nijar, kuma ga kwamfuta waɗannan abubuwa biyu ne mabambanta. Wani zai ce duk wannan ƙaƙale ne, tunda katin shaida ma ba ya sa lanƙwasa. Amma makarantar da ke koyar da yara bambancin ƙasa da kasa, sannan ta buga musu sakamako da sunayensu a gurgunce, ita ma ta koyar da wani darasi.

Sai maganar wuta. Waɗanda suka rubuta yawancin darussan girkawa suna zaune ne a inda ɗaukewar lantarki labari ce. Rumbun kansa an gina shi da tunanin cewa wuta za ta iya ɗaukewa a kowane lokaci: kafin ya ce an ajiye, sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani kundi na musamman, ya kuma jira faifai ya tabbatar masa cewa rubutun ya zauna. In aka yi ɗif, da ya farfaɗo sai ya karanta kundin ya ƙarasa abin da aka tabbatar, ya watsar da wanda bai cika ba. Jiran nan yana rage sauri, shi ya sa ake samun masu ba da shawarar a kashe saitin `fsync` don rumbu ya yi gudu. Zai yi gudun kuwa. Littafin jagorar PostgreSQL ya yi gargaɗi ƙarara cewa hakan na iya jawo lalacewar da ba ta gyaruwa in wuta ta ɗauke. A ofishin da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta da sola sau da yawa a yini, kashe shi ganganci ne. MySQL yana da makamancinsa, `innodb_flush_log_at_trx_commit`, wanda ya kamata a bar shi a kan 1. Batirin ko-ta-kwana ma bai cika aikinsa ba sai an haɗa shi da uwar garke ta yadda zai gaya mata ta rufe kanta cikin tsari kafin cajinsa ya ƙare.

Saitin sauri, wanda masu girkawa suka fi son magana a kai, shi ne mafi ƙarancin haɗari. PostgreSQL yana zuwa da megabayit 128 kacal na ƙwaƙwalwar aiki da zai riƙe bayanai a ciki, jagorarsa kuma ta ce a fara da kusan kashi 25 cikin 100 na abin da injin ke da shi. An sayi inji mai gigabayit 16 an bar shi a kan 128, asarar kuɗi ce, amma ana gyara ta da layi ɗaya ko bayan shekara.

Wanda ba ya gyaruwa bayan aukuwa shi ne rashin kwafin ajiya. A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun PostgreSQL na biyu, wanda ke kwafar na farko. Ya ba da umarnin share ma'ajiyar bayanai, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya lura cewa a kan babban rumbun yake. Daga kusan gigabayit 300, abin da ya rage bai kai 5 ba. Wannan kamfani ne na ƙwararru, mai hanyoyin kariya har 5 a rubuce. Da aka je dubawa, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Shirin `pg_dump` da ke ɗaukar kwafi kullum ya daɗe yana faɗuwa, domin na fitowa ta 9.2 ne alhali rumbun na 9.6 ne, saƙonnin imel da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin nan don wata buƙata daban. Aikin awa 6 ɗin ya tafi, ciki har da ayyuka kusan 5,000 da sababbin asusu kusan 700. Kamfanin da kansa ya wallafa bayanin dalla-dalla, har ya nuna aikin farfaɗowar kai tsaye a YouTube.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi 5 zai ci jarrabawar tambayar “kuna da kwafi?” Tambayar da ba za su ci ba ita ce “yaushe aka dawo da shi na ƙarshe aka gani?” Rumbu na biyu mai kwafar na farko kai tsaye yana da amfani in inji ya mutu, amma in aka goge jadawali bisa kuskure, gogewar ma zai kwafa. Kwafin da ke kan faifai ɗaya da rumbu tare za su mutu. Wanda ke cikin ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. Wanda aka kai waje kuma ba a kulle shi da sirri ba, an sake buɗe wata ƙofar ce ta baya.

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce, tunda kamfanoni irin su Amazon, wanda ya fara hayar rumbunan da yake kula da su tun 2009, za su ɗauke nauyin kwafi da sabuntawa da lantarki. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ga ma'aikatar da ba ta da ko mutum ɗaya mai kula da injin, haya ta fi uwar garken da ke ƙarƙashin tebur tana shan ƙura. Sai dai kuɗin hayar da dala ake lissafa shi, kuma duk wanda ya yi kasafi da naira kafin Yunin 2023 ya san abin da ya biyo baya. Asibitin da intanet ɗinsa ke yankewa ba zai ce wa mai naƙuda ta jira sabis ba. Dokar kare bayanai ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa. Hayar kuma ba ta zaɓa wa kowa tsarin haruffa, ba ta hana a buɗe ƙofa ga duniya, ba ta hana a bai wa manhaja babban makulli. Tana rage tambayoyin ne, sauran suna nan.

Hujja ta biyu ita ce ta shugaban da zai ce shi likita ne ko malami, bai san waɗannan abubuwa ba. Bai san haɗa siminti ba ma, amma bai taɓa biyan magini ba tare da ya zagaya ginin ba. Ranar miƙa aiki, ana iya kawo wata kwamfuta daban wadda babu komai a cikinta, a ce wa mai girkawa ya ɗauko kwafin daren jiya ya tayar da rumbun a kanta, a duba agogo a rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka. Wani ma'aikaci ya nemo bayanin ƙarshe da ya shigar jiya da yamma. A shigar da suna mai ɗ da ƙ da alamar Mu'azu, a nemo shi da ƙananan haruffa, a buga shi a takarda. A gwada shiga rumbun daga wayar da ba ta kan layin ofis, a ga an ƙi ta.

Sannan a karɓi takarda mai shafi 1 ko 2 da ta faɗi wace fitowa aka girka da ranar da tallafinta zai ƙare. PostgreSQL yana fitar da sabuwa duk shekara, yana gyara kowace tsawon shekara 5. Ubuntu mai dogon tallafi yana fitowa a Afrilun kowace shekara 2, shi ma da shekara 5 na gyaran tsaro kyauta. Takardar ta faɗi layukan da aka canza a fayilolin saiti da dalilin kowane, inda kwafi ke zuwa, wanda saƙo zai isa wa in kwafin ya faɗi, da watan da za a maimaita gwajin dawowa. Kalmar sirrin babban asusu a rubuta ta a rufe cikin ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardun fili da na banki, mutum 2 aƙalla su san wurin, a kuma canza ta duk ranar da ɗayansu ya bar aiki.